Matar Da Ta Ce Ba Ta Iya Guga Ba

Kafin ƙararrawar cocin garinmu Costalunga ta buga bakwai na safe, Goggo Nives ta riga ta jingine kekenta a bayan rumfar ƙungiyarmu ta tseren keke, ta ɗaura zanen aiki a ƙugu, ta buɗe tagogin ɗakin wanki duka biyu. Keken baƙi ne mai kwando a gaba, kuma ya girmi duk yarinyar da ke tsere a ƙungiyarmu yau. Abu na farko da take yi shi ne ta tara gwiwar hannu a bakin famfo. In ruwan ya fi jikin mutum ɗumi, ba za ta taɓa komai ba sai ya huce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan, kuma Asabar mai zuwa za ta miƙa makulli ta koma gida.

Ku da kuke tsayawa bakin titi kuna tafi idan 'yan matanmu sun wuce, kun san sunan wadda ta ci, kun san koci Ottorino saboda muryarsa tana riga motarsa isowa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ke wanke wandunan ba. Ni kaina da na yi shekara goma sha ɗaya ina tsere a ƙungiyar, sai da na ajiye keke na gane a hannun wa nake. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san in ta ji sai ta harare ni.

Wandon tseren keke ba kamar sauran tufafi ba ne. Gajere ne, yana manne da jiki, ba a sa komai a ƙarƙashinsa, kuma a ciki an ɗinka masa soso wanda har yau muke kira fata, don a da fatar tunkiya ce. Wannan 'yar fatar ita kaɗai ce tsakanin mace da sirdin da bai kai faɗin tafin hannu ba, awa huɗu, awa biyar, cikin gumi da ruwan sama da tsakuwar hanya. Duk ƙarfin ƙafarki, in wurin zama ya ƙi, kin gama. Kuma wuri ne da 'ya mace ba ta iya buɗe baki ta faɗa wa koci ko bakanike halin da yake ciki. Da yawanmu mun gwammace a ce mun gaza da mu faɗa.

Goggo Nives ba ta jira a faɗa mata. Kowace yarinya tana da jakar raga tata, da zare mai launi da Goggo ta ɗinka a ƙugun wandunanta. Nawa shuɗi ne. Takan juya wando ciki waje, ta kai shi gaban taga, ta duba fatar, ta danna da babban yatsa, ta sunsuna. Sannan ta ɗauraye shi da ruwan sanyi, ta goga farin sabulu marar ƙamshi, shi ma kaɗan. In za ta sa a injin wanki, sai a gudu mafi sanyi, kuma ba ta haɗa wando da tawul ko wani abu mai zik. Ba ta murɗawa. Takan shimfiɗa shi a kan tawul, ta naɗe kamar tabarma, ta cire takalmi ta hau ta tattaka. Mun sha tsayawa a ƙofa muna yi mata kiɗa da baki, ita kuwa ko gezau. Daga nan sai igiya, a inuwa, inda iska ke ratsawa, domin a cewarta rana cin roba take yi.

A bangon ɗakin akwai allo da ta rubuta dokoki uku da hannunta. Ki cire shi da saukarki daga keke. Ki kawo shi kafin ki ci abinci. Kada uwarki ta taɓa shi. Duk sabuwar yarinya sai ta yi dariya a kan ta ukun, ni ma na yi.

Ta fara ne a 1983, lokacin da 'yan matan yankinmu ba su da nasu wandon. Na maza ake ba su, na ulu, da kabu a tsakiyar fatar daidai inda bai kamata ba. Ƙanwarta ce ke tsere a lokacin. Wata Lahadi Nives ta ga yadda yarinyar ta sauko daga keke tana tafiya da ƙyar tana ɓoye hawaye, sai ta ƙwace wandon, ta zauna da allura ta warware fatar, ta yanko sabuwa ta ɗinka ba kabu a tsakiya. Lahadin da ta biyo, 'yan mata bakwai suka yi layi a ƙofarta, kowace da wando a cikin jaka, ba wadda ta iya haɗa ido da wata. Fatar wancan zamani in ta bushe ƙandarewa take yi kamar ganda, sai an zauna an murza ta da mai har ta yi laushi. Shekara tara ta yi tana murzawa kafin soso ya zo, kuma har yau in ta riƙe hannunki za ki ji a jikinki.

Ke ce, Goggo, kika ce wa Ottorino a gaban kowa sirdin Luana ya karkace. Luana, wadda muka yi shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya, ta yi wata biyu gwiwarta na ciwo. An ɗauki hoto, an yi tausa, ba a ga komai ba. Ottorino ya ce, "To, yau kuma mai wanki ce bakanike? Gobe sai ki karɓi sitiyari." Kika ajiye wanduna uku a kan teburinsa, dab da kofin gahawarsa, dukansu sun cinye ta hagu. Kika ce, "Ni ban san keke ba, Ottorino. Waɗannan ne suka sani, tambaye su." Da aka auna, sirdin ya kauce da abin da bai kai faɗin farce ba. Luana tana nan tana sayar da cuku a kasuwar Alhamis, mai shakka ya je ya tambaye ta.

Akwai wata kuma da ba zan kama sunanta ba. Ke ce kika lura wata uku ba ki ga alamar al'ada a kayanta ba, ga robar ƙugu tana yi mata yawa. Yarinyar hana kanta abinci take yi don hawan dutse ya yi mata sauƙi, maza kuwa suna ta yaba mata. Ba ki yi mata wa'azi ba. Kika kai ta gidanki, kika tuƙa polenta, tuwon masarar nan namu, kika narka cuku a kai, kika zauna da ita har ta ci ta yi kuka, washegari kika raka ta wurin likita. Yau 'ya'yanta biyu, kuma ita ce ta ce lallai in sa wannan a ciki.

Amma nawa labarin ne ya zaunar da ni rubutu, kuma ban iya ba da shi ba sai yanzu da mahaifiyata ta rasu.

Innata Palmira, gidanta shi ne na ƙarshe a kan tudun garinmu, inda hawa ya fi tsanani. Mace ce da ke goge har safa da tsumman share tebur. A nan, kun sani, darajar matar gida a kwalar mijinta ake karanta ta ranar Lahadi, kuma Inna ba ta taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba. Da na fara tsere ta ce, "'Yar da na haifa ba za ta yi yawo a titi da wandon da ko a ɗaki ban yarda da shi ba." Babana ne ke kare ni, da ya rasu ina shekara goma sha bakwai sai na tattara na koma gidan ƙungiya a gindin tudu. Shekara tara ba ta kalli tsere ko ɗaya ba. Ina zuwa cin abincin Lahadi, amma sai na ɓoye keke a bayan rumbun maƙwabci na zura siket kafin in ƙwanƙwasa. Kalmar keke ba ta shiga gidan. Goggo Nives kuwa, gaisuwar baki kawai ke haɗa su a coci, a gidanmu sunanta "mai wankin tsiraici."

A 2005 aka fitar da hanyar babban tseren mata na kwana takwas, sai ga shi a rana ta biyar za a hau tudunmu, a wuce ta ƙofar Inna. Ni ba gwanar cin tsere ba ce. Aikina in koma baya in ɗauko wa manya ruwa, in tare musu iska. Amma Ottorino ya sa ni cikin shidan da za su je. Kwana goma kafin a fara, Goggo ta tafi Sipaniya da rabin ƙungiya, sai ga saƙo daga Inna: "Ɗakinki na nan, in kina son hutu." Na hau da kekena, karo na farko na shigar da shi ta ƙofar gaba.

Washegari da na dawo daga atisaye na tarar da wanduna huɗu a kan gadona, an ninke, suna tashin ƙamshin furen lavanda, kari a jikinsu kamar bakin wuƙa. Ta zuba musu ruwan nan mai ƙamshi da ake sa wa kaya don su yi laushi, ta shanya a tsakiyar rana, ta bi su da dutsen guga ciki da waje, har fatar. Tana tsaye a bakin ƙofa tana share hannu.

"Na ga ba a goge suke ba," in ji ta. "In za ki wuce ta ƙofata a gaban mutane, ba da yamutsattsen wando ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ni na san shekara tara ce ta sauke a kan gadon. Na taɓa fatar. Ta kwanta, gefenta ya ƙandare, ga santsi a kai wanda ba zai sha gumi ba. Doka ta uku ta faɗo mini. Na ce, "Na gode, Inna." Kwana shida tana tsayawa a taga kowace safiya ta ga na sa, kowace yamma ta sake wankewa ta goge. A rana ta biyar na ji wani maruru kamar ƙwayar wake ya fito mini a wurin zama. Ranar da na koma gidan ƙungiya ya kai ƙwan tattabara, saura kwana huɗu a fara tsere.

Ban faɗa wa kowa ba. Uku na tura ƙasan akwati, amma wanda na sa da safen, hannu ya saba, na jefa shi jakar raga. Ban gama cin taliyata ba sai ga Goggo a ƙofar ɗakin cin abinci.

"Doriana, zo ki taya ni ninke tawul."

Goggo ba ta taɓa neman a taya ta komai ba. Luana ta raɗa mini, "Kin shiga uku, Allah ya jiƙan rai."

Ta rufe ƙofar ɗakin wanki, ta ɗaga wandon da yatsu biyu.

"Wannan ƙamshin Palmira ne. Daga benci na uku nake jin shi a coci. Kwana nawa?"

"Shida."

"Karatu ne ba ki iya ba, ko allon ne ya yi miki nisa?"

"Goggo, a taga take tsayawa."

Ta kife bokiti ta zauna.

"Ta gefen dama ciwon yake, na gani a jikin wandon. Kin koma zama da hagu, nan da jibi gwiwa ma za ta shigo layi."

Na roƙe ta kada Ottorino ya ji, don zai sa wata a gurbina. Na ce mata Inna ta riga ta aro kujeru a maƙwabta. In ban wuce ta ƙofar nan ba, ba za ta sake buɗe mini baki a kan keke ba. In kuma ta san ita ce sila, kunyar za ta rufe ƙofar har abada, don na san uwata.

"Ciwo ba na ɓoye shi, 'yata," in ji Goggo. "Na taɓa ganin wadda ta ɓoye, sai da aka sa mata wuƙa. Likita za ta gani yau, Ottorino zai ji. Amma abin da ya jawo shi, wannan tsakanina da wandon ne."

Likitar ƙungiya, mace ce, ta duba ta ba da magani. Ta ce kwana biyu ba keke, bayan nan sai in ba abin da zai danna wurin, kuma za ta duba kowace safiya, da ta ga zazzaɓi na sauka. Ottorino ya cire hula ya maka a tebur.

"Wane irin sirdi ne ba ya danna mutum? Sai dai ta tuƙa a tsaye har gida."

"Ba ni kwana biyu," in ji Goggo.

"In ta sauka a rana ta biyu fa? Na rasa mai ɗauko ruwa kwana shida. Ke za ki hau, da kwandonki?"

"In ta sauka kafin Costalunga, ka nemi wata mai wanki."

Shekara ashirin da biyu suna faɗa kullum, bai taɓa jin wannan daga bakinta ba.

"Kin san ba zan samu ba."

"Na sani," ta ce, ta fita.

Abin da ta yi a kwana biyun nan da idona na gani. Ta buɗe wani tsohon gwangwanin biskit, ta fito da ragowar fatar tunkiya tun zamanin ƙanwarta. Ta ɗauki sababbin wanduna biyu ta warware sosonsu. Ba ta tambaye ni inda marurun yake ba, a jikin wandon da Inna ta goge ta karanta. Ta yanke rami kamar faɗin kwabo a soson, ta tada gefensa da wani soson, ta lulluɓe duka da fatar don kada a ji baki, ta mai da duk ƙullin zare ta waje. Sau uku tana warwarewa tana sakewa. A rana ta uku na hau keke a cikin rumfa, na zauna, na rufe ido ina jiran zafin. Bai zo ba. Na buɗe ido na ganta ta riga ta juya baya tana tara ruwa.

Da aka fara tsere, kullum ita ce farkon wadda nake gani a ƙarshen hanya, da tawul a kafaɗa, kafin in sha ruwa ta karɓe wandon. Ruwan da za ta wanke shi sai ta tafasa ya huce. In ya sha iska ta zauna ta murza fatar da mai, kamar yadda ta yi shekara ashirin baya. Kumburin yana gusawa, don haka kowace safiya in likita ta gama dubawa, Goggo ta gusar da ramin ta sake ɗinki, ga kayan mutum biyar suna jiranta. A rana ta uku aka wuni ana ruwa, ba abin da ke bushewa. Ta taka tawul huɗu, bai isa ba, sai ta ɗaura igiya a cikin motar ƙungiya, ta sa bakanike ya buɗe tagogi ya yi ta kai da kawo da ita a gaban otal har wandon ya bushe. Masu otal sun ɗauka motar ce ta lalace.

Rana ta biyar, a gindin tudunmu na miƙa wa shugabarmu gorar ruwa ta ƙarshe, aikina ya ƙare, na koma cikin 'yan baya. Tudun da na hau sau dubu, ranar ya ƙi ƙarewa. Mutane na kiran sunana ta ko'ina, ni kuwa ƙofa ɗaya nake nema. Na hango ta. Ta sa rigar coci, ga kujeru an jera amma ba ta zauna ba, ta rungume jakarta a ciki da hannu biyu. Ba ta yi tafi ba. Da na zo dab da ita ta ce, ba da ƙarfi ba, "Miƙe bayanki." Na miƙe. Ta saba'in da huɗu na zo ranar, kuma ban taɓa yin farin ciki a kan keke kamar haka ba.

Da la'asar muna tsakar gidan otal, kilomita ashirin daga gida, Goggo na shanya, sai ga Inna ta sauko daga bas da kwando. A ciki akwai kek, da kwalbar ruwan ƙamshi, da dutsen guga.

"Ina kayan 'yata?" ta ce. "Na ga wandon yau, kamar akuya ta tauna. Nives, ba raini ba, amma wanki daban, gyara daban."

Luana ta mintsine ni. Ottorino, wanda zuwa lokacin ya gano abin da ya jawo ciwon, ya buɗe baki zai yi magana. Goggo ta riga shi. Ta share hannu a zanenta, ta matso.

"Palmira, Allah ne ya kawo ki. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ban iya guga ba."

Mace mai shekarunta ta faɗi haka a gaban maza, a garinmu, gara ta ce ba ta san hanyar gidan mijinta ba.

"Ba ki iya ba?" in ji Inna. "To rigunan Tarcisio fa?" Tarcisio mijin Goggo ne, mutumin wani kwari can arewa, kuma kwalarsa ba ta taɓa kwanciya ba.

"Ƙanwarsa ce ke rufa mini asiri. Dubi rigar Ottorino. Dubi waɗanda yaran nan ke sawa su hau dandamali. Kunya nake ji, 'yar'uwa. Wandunan nan bar mini su, aikin jaki ne, roba ba ta san mutunci ba, ko kin goge ba ta riƙe kari. Riguna ne ke neman hannu irin naki."

Inna ta juya ta dubi kwalar Ottorino sama da ƙasa, ta yi tsaki.

"Cire," ta ce masa.

Ya cire, a tsakar gida, da tumbinsa da komai.

Washegari likita ta ce ya isa haka, na sauka ba tare da na ji komai a raina ba. Ottorino bai nemi wata mai wanki ba. Tun daga makon nan, kowace Litinin Goggo ke tura kekenta ta hau tudu da kwando cike da riguna, shekara goma sha takwas. Inna ta goge rigunan ƙungiya, ta goge tuta, ta goge zanen teburin biki. Ta fara zuwa tsere wai don ta duba kwala, har ta haddace sunan kowa, har ta koyi zagin 'yan wata ƙungiya. Kuma ba wanda ba ta gaya wa ba a kasuwa cewa Nives ba ta iya guga ba. Na sha jin mata suna dariya a bayanta: "Rai duka a wanki, ko hankici ba ta iya miƙarwa." Ita dai ta ɗaga kafaɗa ta wuce. Ni na ɗauka gaskiya ce, rauninta ne ta ɗauko ta rufa wa uwata asiri da shi, kuma wannan kaɗai ya ishe ni mamaki. Inna ta rasu a Janairu. Cikin maganganunta na ƙarshe ta ce mini, "Yanzu wa zai yi wa Nives guga, baiwar Allah?"

Watan jiya na ɗauki dutsen gugar Inna na kai wa Goggo, don ta ajiye abin tunawa. Ba ta dawo daga rumfa ba, Tarcisio ne ya buɗe mini, da farar riga, karin hannunta a tsaye. Na ce a gaida ƙanwarsa, har yanzu hannunta na nan.

"Wace ƙanwa? Mu biyar uwata ta haifa, duk maza." Ya yi dariya har da tari. "Ashe ke ma kin hau? Matar nan shekara shida ta yi a ɗakin guga na wani babban otal a birnin Venis kafin in aure ta. Rigunan amare ita ake ba. Shekara goma sha takwas nake cin abincin rana kowace Asabar da tagogi a rufe, zafi na kashe ni, don kada maƙwabta su gan ta da dutsen guga."

Muna cikin haka sai ga Goggo ta shigo. Ta ga dutsen, ta ga fuskata, ta juya ga mijinta.

"Bakinka rariya ne, Tarcisio."

Ta karɓi dutsen ta juya shi, ta shafa gindinsa da yatsa. "Palmira ta iya riƙon kaya," ta ce. Ta jona shi, ta jira, ta lashi yatsa ta taɓa. Ta zare mayafin da ke wuyana wanda ya yamutse, ta shimfiɗa a tebur. Sai ta tsaya.

"Rufe ƙofa, Doriana. Kada wani ya gani."

"Goggo, ai ta rasu."

"Ƙawayenta ba su rasu ba."

Na daɗe ina tunanin ko tona wa Inna asiri nake yi da wannan rubutu. Na ga asirinta ɗaya ne, ta so ni da dutsen guga domin shi ta iya, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ku 'yan mata da kuke shigowa ƙungiya yanzu, ku karanta allon nan, ku bi dokokin duka uku, kuma in wuri ya yi ciwo ku faɗa da wuri, ba wanda ya taɓa cin tsere da kunya. Ku kuma da aikinku yake a bayan gida, a ɗakin wanki, a inda ba a tafi, ku duba yadda wannan mata ta riƙe nata. Ta san aikin har ƙarshensa, ta kuma san mutanen da ke cikin kayan da take wankewa.

Goggo Nives, uwar wanduna, ke ce kika kai ni ƙofar Inna, ke ce kika hana ƙofar rufewa bayan na wuce. Shekara goma sha takwas da na samu da uwata, da darajarki kika saye su, ba ki taɓa cewa in gode ba. To na gode. Allah ya ba hannuwan nan hutu, ya ba Tarcisio iska ranar Asabar. Ki yafe mini, na buɗe ƙofar.

Asabar da ƙarfe huɗu za mu taru a rumfar ƙungiya mu raka ta gida. Duk wadda ta taɓa yi mata dariya a kasuwa ta zo, ta kuma duba kwalarta da kyau kafin ta fito. Ta iya, jama'a. Duk garin nan ba wadda ta kama ƙafarta.